Ana Ƙara Tsawo, Taubashi, Amma Sai an Karya Ka

Tun ranar da bakina ya kufce a teburin mai shayi, nan bakin tashar Gaya, na ce akwai inda ake yi wa gajere tiyata a ƙara masa tsawo, ban sake kurɓar shayi cikin kwanciyar hankali ba. Maganar ta riga ni isa gida. Kafin mako ya zagayo ta haura Ajingi, ta kwana a Toranke, ta dawo mini ta Kademi an zuba mata gishiri da yaji: wai na ce akwai injin da ake zura mutum a ciki, a ja kai a ja ƙafa, ya fito kamar taliya 'yar murji. Wani malamin makaranta ya turo mini saƙo yana tambaya, cikin ladabi, ko wake na cika wa cikina daren da na ga abin. Wata baiwar Allah daga Gafasa kuwa cewa ta yi in da gaske ne me ya hana in fara da kaina, tunda ta ji labari ko a taron suna sai na yi gyaran murya ake gane na zo. Hajiya, na gode, Allah ya bar zumunci.

Duk cikinsu babu wanda ya kai taubashina na Ajingi. Ni da shi tsawonmu ɗaya, tun muna yara ake gwada mu a jikin garu, shi dai bai taɓa yarda da sakamakon ba. Ya tare ni wajen wani ɗaurin aure, a gaban jama'a, ya dube ni daga sama zuwa ƙasa, tafiyar da ba ta ɗauke shi lokaci ba, ya ce, "Taubashi, wannan ƙaryar taka ta fi ka tsawo." Aka fashe da dariya, har da ni, domin magana in ta zauna ta zauna.

To yau ranar ramuwa ce. Ku gyara zama.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne a ce mutumin ƙasar Gaya ne yake musun abin da ƙarfe zai iya. Kun manta tarihinku ne? Ba daga nan aka ce wani maƙeri mai suna Kano ya tashi ya tafi gindin dutsen Dala neman tama ba, har zuriyarsa ake ce musu Abagayawa? Yau kuma asibitin ƙashi mafi girma a wannan yanki sunan dutsen yake ɗauke da shi, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959. A can, da takwaransa na Igbobi a Legas, likitocinmu, 'yan ƙasa irinmu, suna ɗaura wa mutane ƙarfen da yake jan ƙashi ya ƙara tsawo. Ba sai an je Turai ba. Kuɗin mota daga Gaya zuwa birni ta Wudil ya isa ya kashe musun nan.

Ga yadda abin yake. Ƙashi abu ne mai rai, yana ci yana sha. Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai karaya ya san cewa idan ƙashi ya karye, jiki da kansa yake zubo wani abu mai danƙo a tsakanin bakin biyu, ya yi ta ƙarfi har ya koma ƙashi. Mai ɗori haɗa bakin yake yi, ya jera kara ya ɗaure, ya bar wa Allah sauran. Likitan ƙarin tsawo kuwa wannan danƙon yake yi wa wayo. Da gangan zai yanke ƙashin cinya ko na ƙwauri, ya jira kamar kwana biyar zuwa bakwai har danƙon ya fara tsatsowa, sannan ya shiga raba bakin biyu a hankali. Jiki yana ƙoƙarin cike gurbi, shi yana ƙara buɗewa. Kamar mai bin bashi ne da wanda ake bi: duk takun da ka yi kusa da shi, ya ƙara ɗaya gaba.

Nawa ake ja? Milimita ɗaya a rana. Ba ta kai ƙwayar gero ba. Ita ma ba a lokaci guda ake janta ba, kashi huɗu ake raba ta. Malam mai tambayar wake, kai da kake koyar da lissafi, ɗauki alli: santimita takwas, wato faɗin yatsu huɗu, kwana tamanin ke nan ana ja. Bayan an gama ja kuma sabon ƙashin laushi gare shi kamar ɗanyar tsamiya, sai ya ɗauki kusan ninki biyu na waɗancan kwanakin kafin ya iya ɗaukar nauyin mutum. Haɗa ka gani. Damina guda da kakarta, har da shiga sanyi.

Wani likitan Italiya, Alessandro Codivilla, ya gwada jan ƙashi tun 1905 a birnin Bolonya, amma nasa jan na ƙarfi ne, marasa lafiya sun ɗanɗana kuɗarsu. Wanda ya gano sirrin a hankali shi ne Gavriil Ilizarov, likita a garin Kurgan can cikin Saberiya, a farkon shekarun 1950, lokacin da Tarayyar Sobiyet take cike da mutanen da yaƙin duniya na biyu ya bari da karayar da ta ƙi haɗuwa. Manyan likitocin Mosko kallon ɗan ƙauye suke yi masa, irin kallon da 'yan birni suke yi wa taubashina in ya sauka a tashar mota yana tambayar hanya. Shekaru suka kwashe suna yi masa irin musun da kuke yi mini. Sai ga Valeriy Brumel, zakaran tsallen sama na duniya, wanda ya tsallake mita 2.28 a 1963, ya kuma ci zinare a gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964, ya yi haɗarin babur a 1965, ƙafarsa ta dama ta dagargaje. Aka yi ta yi masa tiyata a Mosko, ƙafa ta ƙi. A 1968 ya tafi wurin ɗan ƙauyen nan, ya warke, har ya sake tsallake sama da mita 2, ko da yake bai koma matsayinsa na dā ba. Daga nan masu musu suka yi shiru. A 1981 dabarar ta shiga Italiya, ta bazu duniya. Ku lura da abu ɗaya kafin mu wuce: babur ne ya kai shi. Saberiya ko Ajingi, babur halinsa ɗaya.

Ni kuwa ba a waya na fara ganin abin ba. A ɗakin yayata na gan shi, a ƙafar ɗanta. Yaron acaɓa yake yi, wata mota ta kwashe shi a hanyar Wudil, ƙwaurinsa ya karye har ƙashi ya huda fata. Dangi suka yi abin da aka saba, aka kai shi wurin mai ɗori. Ɗori yana da ranarsa, ba na raina sana'ar da ta tashi kakanninmu daga kwance, amma karaya mai buɗaɗɗen rauni ba tasa ba ce. Ciwo ya ruɓe a ƙarƙashin kara. Ranar da aka yarda aka tafi asibiti a birni, sai da aka yanke mataccen ƙashi aka zubar, ƙafa ta rage santimita biyar.

Da na shiga gaishe shi bayan an sallamo su, sai da na ja baya. Zobba uku na ƙarfe, kowanne faɗin bakin tukunyar miya, sun kewaye ƙwaurin. Siraran wayoyi kamar na ƙafar keke sun shiga ta fata, sun ratsa tsoka da ƙashi, sun ɓullo ta ɗaya gefen, an ɗame su a jikin zobban. Dogayen ƙarafa masu zare sun haɗa zobe da zobe, kowanne da notinsa. A gefen filo ga sifana mai lamba 10, irin wadda kowane bakanike yake da ita a aljihu. Zagaye ɗaya na noti milimita ɗaya ne, don haka kwata-kwata ake murɗawa. Yayata ta ɗiga jan farce a gefe ɗaya na kowane noti don kada lissafi ya ɓace, ta kuma ɗaure murɗin da lokutan da ba a mantawa: asuba, azahar, magariba, sai tsakar dare, wanda ita take tashi ta haska masa fitilar waya. Kwana hamsin suka yi a haka. Tela ya tsaga masa gefen wando ya jera maɓallai. Kullum sai an bi ramukan wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya an wanke, an kore ƙuda, an rufe saboda ƙurar hunturu. Duk da haka sau biyu wani rami yana yin ja, ya kumbura, ya kawo mugunya, a koma kan magani. Bacci kuwa sai na ɓarawo. In lokacin ɗaukar hoton ƙashi ya zo, sai an biya kuɗin mutum biyu a gaban mota saboda ƙarfen ya samu wurin zama. Wata takwas ya yi da abin nan a jikinsa, sallarsa duk a zaune.

Yau yana tafiya da ƙafarsa, ƙafafun sun daidaita, sai ɗan taurin idon sawu da ya rage, da kuma doguwar tsuguno da ba ya iyawa. Shi riba ya ci, domin da guntuwar ƙafa ya shiga. Irinsa aka ƙera wa ƙarfen: wanda haɗari ya cinye wa ƙashi, wanda ɗori ya haɗe masa a karkace, yaron da aka haifa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, wanda ciwon ƙashi ya lalata wa wurin girma, da wasu daga cikin waɗanda shan inna ta bar wa ƙafa gajera. Irin waɗannan na ƙarshe muna da su da yawa a ƙauyukanmu, tunda sai a Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta daji ta kama a jihar Kano, can Sumaila.

To, na san halin taubashina. Yanzu haka ya ajiye musu. Irinsa ne daga "ƙarya ne" sai "nawa ne?", babu zango a tsakani. Na hango shi yana shafa ƙwauri yana lissafin buhunan gyaɗa. Zauna, taubashi, yanzu aka fara da kai.

Kuɗin tukuna, don mu sallami masu ƙaramin ƙarfi su tafi gona. A Amurka, aikin cinya biyu don ado kawai yana farawa ne daga wajen dala dubu 70 ya yi sama, wani ya ninka haka. In dala tana wajen naira 1,500, ka haura naira miliyan 100 ke nan a kan yatsu huɗu. Ka je kasuwar Wudil ranar Juma'a ka tsaya a kara, ka ƙirga garken da za a kora kafin a haɗa wannan. A Turkiyya da Indiya ya fi sauƙi, shi ya sa samari suke kwarara can, kuma daga can ne mafi yawan bidiyon da kuke gani a TikTok suke fitowa, ana nuna maka ranar farko da ranar ƙarshe, a tsallake watannin da ke tsakiya kamar ba a yi su ba.

Masu kuɗi yanzu ba sa ɗaukar zobba. Doguwar ƙusa ake zura musu a cikin ramin ɓargo, da ɗan maganaɗisu a cikinta, a riƙa ɗora wata na'ura a kan cinya tana juya shi, ƙusar tana miƙewa. Mafi shahara ita ce PRECICE, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2011. Ta raba mutum da ramukan waya da ƙuda, wannan gaskiya ne. Amma ƙanwarta mai suna Stryde, da aka yi ta yaba wa cewa da ita za ka taka ƙafa da wuri, sai da aka janye ta daga kasuwa a 2021, bayan an riƙa ganin ciwo da sauyi a ƙashi daidai inda ƙarfen yake zamewa cikin ɗan'uwansa. Waɗanda aka riga aka sa wa fa? Tana cikin cinyarsu lokacin da labarin ya fito. Kuma kowace iri ce, bayan shekara ɗaya ko biyu sai an sake kwantar da kai an zaro ta.

Amma duk wannan ba shi ne gagarumin ba. A cikin ƙafa ƙashi shi ne mai sauƙin kai, in ka ja shi zai biyo ka. Maƙwabtansa ne masu gardama, irin mutanen Ajingi. Tsoka, agara, jijiyar jini, jijiyar da take kai saƙon motsi, duk a kan tsawonka na asali aka yanka su, babu wanda ya yi shawara da su. Shi ya sa likitocin da suka san abin da suke yi ba sa wuce wajen santimita takwas a cinya, biyar zuwa shida a ƙwauri. Ja ƙwauri, agara ta ƙi miƙewa, sai dunduniya ta ɗage ta ƙi taɓa ƙasa, ka koma tafiya a kan yatsu kamar mai satar shiga gida bayan an rufe ƙofa. Ja cinya, tsokar gaba ta ɗame, gwiwa ta ƙi lanƙwasawa. Maganinsa gashi ne da motsa jiki a wurin masana, kusan kullum, wata da watanni, irin wanda ƙato yake kuka da hawaye. In bai yi ba a sake tiyata a tsawaita agarar. Akwai kuma wata jijiya da take zagayowa ta gefen waje, ƙasan gwiwa kaɗan. In ja ya yi mata yawa, tafin ƙafa sai ya saki, ba ka iya ɗaga shi, ka riƙa jan yatsu a ƙasa, silifa yana zamewa ba ka sani ba. Wani yana dawowa, wani ya tafi ke nan.

Nan nake so ku tsaya, ku masu musu da ku masu sha'awa, ku yi mini wani ƙidaya. Sau nawa mutumin Gaya ko Ajingi yake naɗe ƙafarsa daga asuba zuwa isha? Banɗakinmu na tsuguno ne. Alwala a tsugune. Sujada da zaman tahiya, sau biyar a rana, gwiwa a naɗe, idon sawu a karye a ƙarƙashinka. Tuwo a kan tabarma. Gaisuwa a gidan surukai, inda za ka zube tun daga zaure. Shuka, noman farko, maimai, cirar gyaɗa, tsinkar wake, buga babur in ya ƙi tashi da safe. Baturen da ya biya dala dubu 70 a kujera yake ci, a kujera yake aiki, a kujera yake kewayawa. In gwiwarsa ta tsaya a rabi, ɗan takaici ne. Kai in taka ta tsaya a rabi, rayuwar ce gaba ɗaya aka sauya maka. Hausawa suna cewa tsugune ba ta ƙare ba. Taubashi, a wurinka tana iya ƙarewa, ka shiga gidan surukai a tsaye ƙiƙam kamar ɗan sandan da ya zo kama mai gida, a ce tunda ya yi tsawo ya daina gaida mutane.

Shi kansa ƙashin ba kullum yake biyayya ba. In an yi sanyin ja, ya haɗe tun ba a kai inda ake so ba, sai a sake karya shi. In an yi gaggawa, gurbin ya zauna fayau babu ƙashi, sai a ɗebo wani daga ƙugunka a cike. Mai shan sigari ya fi kowa faɗa wa wannan, domin hayaƙi yana tsuke jijiyoyin da suke ciyar da sabon ƙashi. Wani ya fito a karkace, ya shiga da ƙafa miƙaƙƙiya ya fita da gwame. Wani ƙafa ɗaya ta riga ɗaya, ya sayi ɗingishin da ba a haife shi da shi ba. Wani bayan an cire ƙarfe, ya taka, sabon ƙashi ya ce ƙaras. Ƙwayar cuta in ta bi waya ta shige ƙashi, tana iya zama a ciki shekaru tana tsatsar mugunya, kuma masu sikila sun fi kowa sanin wannan baƙon.

Sai masu kisa. Lokacin da ake huda ramin ɓargo don zura ƙusa, kitsen ɓargo yana iya shiga jini ya tafi huhu ya toshe numfashi. Doguwar kwanciya tana sa jini ya yi guda a ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu shi ma. Ƙwauri yana iya kumbura ta ciki har ya shaƙe jijiyoyinsa, irin abin da yake faruwa in mai ɗori ya ɗaure kara ya wuce kima, in ba a tsaga cikin 'yan awoyi ba tsoka ta mutu. Ba kowa suke samu ba, amma ana samu, kuma wanda ya samu lafiyarsa ƙalau ya shiga da ƙafarsa. Wani babban likitan wannan fanni, Dror Paley, tun 1990 ya kasa wahalhalun gida uku: wadda ake warwarewa ba tare da wuƙa ba, wadda sai an koma ɗakin tiyata, da wadda take zama da mutum bayan an gama komai. Aikin da sai da aka buɗe wa matsalarsa aji uku kamar makarantar firamare, kai ka san da magana.

Ƙasar Sin ta ga abin da ya ishe ta, a 2006 ma'aikatar lafiyarta ta hana yin wannan tiyata don ado, bayan da labarin waɗanda aka nakasa ya yawaita. A 2016 kuma, a Haidarabad ta Indiya, wani matashi ma'aikacin kwamfuta ya sulale ya je aka yi masa ba da sanin iyayensa ba. Sai da suka kai cigiya wurin 'yan sanda aka same shi a gadon asibiti, an riga an karya ƙafafun biyu. Hukumar likitocin jihar Telangana ta dakatar da likitan na shekara biyu. Kun san tsawon yaron kafin a taɓa shi? Ƙafa biyar da inci bakwai, wato mita 1.70. Ya fi ni, ya fi taubashina ko da ya hau turmi.

Na ambaci wannan ne da gangan, domin na san inda takalmin yake matsa wa samarinmu. In za a ɗauki 'yan sanda, ana neman namiji mita 1.67, mace 1.64. Na ga yaro mai takarda mai kyau ya dawo gida a kan santimita biyu, kuma wannan ba abin dariya ba ne, ko ni mai zolaya na san inda ake tsayawa. Amma ƙarfe ba zai shigar da shi ba, domin wurin da ake auna tsawo nan ake duba gwame da tafiya da gudu. Masu tallar maganin ƙara tsawo a Facebook, da garinsu da ƙwayarsu, kuɗinku kawai suke wa tiyata. A ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai wurin girma, yana rufewa a wajen shekara 14 zuwa 16 ga mace, 16 zuwa 18 ga namiji, in ya rufe kuwa ko randa ka shanye babu ƙari. Abin da zan ba ku kyauta shi ne wannan: mutum ya fi tsawo da safe. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana matsewa da nauyin yini, zuwa yamma ka rage santimita ɗaya, wani har kusan biyu. Ranar awo ku yi sammako ku kama gaban layi. Taubashi, kai ma in za mu sake gwaji ka zo da asuba, ni zan zo da la'asar, in ba ka rata.

Malam mai tambayar wake ya ƙara da tambayar hukunci. Wannan ta malamai ce, ga su nan a kowace unguwa. Abin da na ji daga bakinsu dai shi ne suna bambanta gyaran lahani da sauya halitta don ado, suna kafa hujja da sahabin nan Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi aka yi masa izinin sa na zinare. Ɗan yayata yana wancan gida, taubashina yana wannan. Suna kuma ba da labarin Abdullahi ɗan Mas'ud, mutum mai ƙaramin jiki, da ya hau bishiya iska ta bayyana siraran ƙwaurinsa, aka yi dariya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da su cewa ƙwaurin nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'auni. Duk gajeren da bai haddace wannan labari ba ya yi wa kansa sakaci.

Mu mutanen nan ma ai mun san ƙari da ragi. A 2019 aka ja masarautar Gaya ta zama mai daraja ta ɗaya, a Mayun 2024 aka rushe, a Yuli aka dawo da ita mai daraja ta biyu, da Gaya da Ajingi da Albasu. Ba ruwana da siyasa, na ce dai mun san zafin ja.

Akwai wata gajarta kuwa da ban yarda a yi wasa da ita ba. Tawa da ta taubashina gado ce, kakarmu ɗaya, kuma an ce ita ma sai ta taka kujera take sauke ƙwarya daga ragaya. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar, 37 sun tsumbure a Najeriya, a jihar Kano kuwa 57. Fiye da rabi. Wannan ba gado ba ne, tsawo ne da aka rubuta wa yaro aka ƙwace tun yana goye, a cikin kwanaki dubu na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu, ta hanyar ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan gudawa da zazzaɓi. Kuma ba ƙafa kaɗai take taɓawa ba, har da ƙwaƙwalwa. Mu ne masu wake, mu ne masu gyaɗa da waken suya da zogale, kajinmu suna saka ƙwai a bayan ɗaki. A kwashe a kai kasuwa, a dama wa yaro tsurar koko, in an ce a ba shi ƙwai wata tsohuwa ta ce zai koyi sata. Santimitocin da saurayin Haidarabad ya karya ƙafa yana nema, mu a kwando muke ɗora su a ka mu sayar ranar kasuwa.

Ni dai nawa aikin na riga na yi. Na kai sabuwar hulata wurin mai wanki, na ce ya ba ta sitaci sosai, ya ɗora ta a kan katako, kada ya kuskura ya karya ta. Na auna da tef ɗin tela: santimita tara. Ta fi abin da likitan Amurka yake iya cirowa daga cinya, babu jini, babu mugunya, kuma ina tsugunawa lafiya lau. Juma'ar da ta wuce na sa ta na tafi Ajingi. Ashe labari ya riga ni, taubashina ya je birni ya sayo takalmi mai tudu, ya fito yana taku ɗai-ɗai kamar zalɓe a fadama, yana leƙo ni ta sama. Muka jera har masallaci, yana ta gaisawa da mutanen da ko sallama ba su yi masa ba, don dai a gan mu tare. Da muka isa ƙofa ya sunkuya ya cire takalmi. Ni kuwa na gyara zaman hulata na shige.